Ɗorawar da Na Matsar

Ranar sunan jikar Yaya Lawal, yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya, ina zaune a gindin rumbu ina shan fura, sai na ji ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata tana nuna ni ga ƙawarta da haɓa.

"Waccan ita ce Goggon da ta ba da gonarmu."

Ko rage murya ba ta yi ba, don a wurin yaran yanzu duk wadda ta yi furfura ta kurumce. Na ajiye furar nan gefe. Shekara nawa ke nan ana yawo da wannan magana a cikin dangi, kowa yana ƙara mata gishiri, har ku da na haifa ina ganin kuna sunkuyar da kai in an tayar da ita, sai ka ce uwarku aka kama da kayan sata a kasuwa. To, na gaji. Zan rubuta yadda abin ya faru, ku karanta, ku miƙa wa 'ya'yan Yaya su ma su karanta. Wanda zai ci gaba da zagina bayan haka, ya zage ni a kan abin da na aikata, ba a kan abin da aka kitsa masa ba.

Kun san aikina koyar da zane ne. Na fara a wata makarantar 'yan mata a Ƙanƙara, daga baya aka mayar da ni Faskari, inda na yi ta fama har na ajiye alli. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa ba ku taɓa ganin mutum ko dabba a cikin zanena ba. Lokacin da zan tafi karatun nan Baba ya kira ni zaure ya kafa mini sharaɗi.

"Indo, ban hana ki ba. Amma ban da mai numhwashi. Ki zana dutsenki da itacenki, ki bar wa Allah masu rai."

Na riƙe maganar nan har yau, ko kaza ban taɓa zanawa ba. Duwatsun Ƙanƙara, fadamun Faskari, dajin Sabuwa tun yana daji, su na yi ta bi da fensir da buroshi. Na guje wa masu rai don in zauna lafiya, ashe itace ne zai ja mini masifar da ta fi kowace. A gidanmu kuwa ba wanda ya ɗauki aikin nan a bakin komai. Yaya Lawal ba ya kirana da sunana in yana cikin nishaɗi, sai Malama mai shafe-shafe. Ya kan ce gwamnati ta rasa abin yi da kanta, shi ya sa ta ɗauki mace aiki don ta koya wa 'ya'yan mutane goga shuɗi a takarda. A makarantar ma ba ta sauya zani ba. In jarrabawa ta matso, lokacin darasina ake fara yankewa a ba malamin lissafi, in kuma za a yi baƙi sai a tuna da ni, a ce Malama Indo ta zo ta shafa wa ƙofar makaranta fenti. Haka na yi shekaru ina haɗiye takaici ina wanke buroshi.

Yanzu ga maganar gona. A ƙauyenmu da ke bayan Damari, kakanmu ya bar gona ɗaya babba, aka raba ta tsakanin Baba da ƙaninsa Baffa. Iyakar ita ce wata tsohuwar ɗorawa. Daga gindinta aka dasa layin gamba har bakin rafi, yamma namu, gabas na gidan Baffa. Kalwar ɗorawar kuwa gidajen biyu ke raba ta, matan su haɗu su yi daddawa tare. Gabas da ɗorawar, kamar taku ashirin, akwai wani falalen dutse da ake shanya barkono a kai, ƙasa da shi kuma akwai wuri mai damshi da ke yin shinkafa ko da damina ta yi gardama. Ku riƙe wannan da kyau, don duk rigimar a nan take: falalen da damshinsa a ɓangaren Baffa suke. Da Baba ya rasu Yaya ya ci gaba da noma namu, har da rabona a ciki, kowace kaka ya aiko mini da dawa. Da Baffa ya rasu ɗansa Malam Tanimu ya gaji nasu, mutum mai sanyi da in'ina, wanda kafin ya gama jimla ɗaya Yaya ya yi goma.

Daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba na je gida hutu. Kewa ta dame ni, sai na ɗauki littafin da nake zane da fensir a ciki na tafi gona da hantsi, na zauna a bakin tsohuwar rijiyar da ke kudu da gonar na zana abin da ke gabana kamar yadda yake. Da na koma Ƙanƙara na ɗaura yadi a katako zan sa launi, sai na ga matsala. Daga inda na zauna, ɗorawar ta tsaya daidai gaban babban dutsen da ke bayan gari, ta rufe tsagar da ke kansa, alhali tsagar nan ce kyan dutsen. Hannun dama na zanen kuma fayau, ba komai sai falale da ciyawa, duk nauyin ya taru wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗora wa kaya gefe guda. Sai na yi abin da kowane mai zane yake yi, abin da nake koya wa ɗalibaina tun a zangon farko. Na ja kibiya a littafin fensir, na rubuta a matsar da ita nan, na ɗauke ɗorawar na kai ta gabas da falalen. Zanen ya zauna daram. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, kuma ba kunya zan faɗa.

Na kai wa Yaya shi kyauta lokacin da ya gina sabon ɗaki. Ya juya shi gaba da baya, ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa.

"To, ba laihi. Shina da hwaɗi, zai ruhe tsagar bangon can."

Abin da ya ce ke nan. Ya buga ƙusa ya rataye shi a kan tsagar bango, ya yi shekara kusan ashirin a nan yana shan hayaƙi. Ba wanda ya ce ɗorawa ta bar wurinta, don ba wanda ya tsaya ya dube shi.

Sai rashin zaman lafiyar nan ya zo. Ba zan tsaya a kansa ba, kun gani da idonku, kuma akwai waɗanda suka rasa abin da ya fi gona. Ƙauyenmu ya watse, wasu Funtuwa, wasu Zariya, tsofaffin da suka san iyakar kowa suka mutu ɗaya bayan ɗaya a garuruwan mutane, har da tsohon Mai gari. Yaya da matarsa Hure da yara suka sauka gidanmu a Faskari, suka yi damina uku. A cikin ɗan kayan da suka tsira da shi har da zanen nan. Na ga mutumin da bai san zama ba yana wuni a zaure hannu rabbana, fartanyarsa a jingine tana tsatsa. Ya jingina zanen a bango gabansa, in yara sun dawo makaranta ya tara su yana nuna musu da tsinke.

"Kun ga nan? Gonarmu ke nan. Ga ɗorawa, ita ce iyaka. Ga hwalale nan cikin namu, nan ƙasa kakanku ka shuka shinkahwa."

Ina tsakar gida na ji shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na san ba haka ba ne, na san Baba bai taɓa shuka ƙwayar shinkafa a wurin nan ba, amma na yi shiru. Rabin shirun tausayi ne, don ban ga amfanin ƙwace wa mai gudun hijira taku ashirin na gonar da ba ya ko iya zuwa ba. Ɗaya rabin kuwa, Allah Ya yafe mini, daɗi nake ji. A karo na farko wani daga gidanmu yana zaune gaban aikina yana kallo kamar zai shige ciki. Ba ƙarya Yaya yake yi ba, ku sani. Kallon yau da kullum ne ya goge masa gonar gaske ya dasa masa tawa a kai.

Da ƙura ta ɗan lafa mutane suka fara komawa, sai suka tarar da abin da ba su zata ba. Masu gawayi sun bi gonaki sun sare duk wani babban itace, ɗorawarmu ko kututturenta ba a gani, sun ƙone shi ƙasa ta rufe. Gambar iyaka shanu sun cinye, wuta ta ƙarasa sauran. Gonar gaba ɗaya ta zama fili guda, sabara da ƙaya ko'ina. Yaya ya kafa turke gabas da falale ya ce nan ɗorawa take. Malam Tanimu ya ce a'a, yamma take. Malam Tanimun ya haƙa wuri biyu yana neman saiwa bai samu ba, mutane suka fara yi masa dariya. Magana ta kai gaban sabon Mai gari, ɗan marigayin, wanda ya tashi a birni bai san gonar kowa ba. Sai ga Hure ta kira ni a waya, muryarta har rawa take don murna.

"Indo, albishirinki! Zanenki ya yi rana. Yayanki ya kai shi gaban Mai gari, kowa ya gani, Tanimu ya rasa ta cewa. An ce ki zo ran Alhamis ki tabbatar ke kinka yi, a gama magana."

Na ajiye wayar na rasa dariya zan yi ko kuka. Shekara da shekaru ana ce mini mai shafe-shafe, ranar da aka ga dama aka ɗauki aikina da daraja, sai aka ɗauke shi a matsayin takardar kotu. Wa ya ce musu zane hoto ne? Ko hoton ma wa ya ce musu shaida ne? Na buɗe tsohuwar adakata na tono littafin fensir, ga ɗorawa a yamma, ga kibiyata, ga rubutun hannuna ɓaro-ɓaro. Na kai wa babanku ya duba, ya daɗe yana shafa gemu. Kun san shi, Allah Ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son hayaniya ko ta maƙwabta ce.

"Ki ce musu ba ki da lahiya. Hanyar Sabuwa ma ai ba ta biyuwa. In ba ki je ba, ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma tozarta yayanki ba."

"In ban je ba zanen zai yi ƙaryar a madadina, Malam. Da sunana a ƙasansa."

Ya ce to, ni dai na faɗi nawa. Na ce na ji, kuma ban ɗauka ba.

Ran Laraba na kama hanya, don ina son in sami Yaya shi kaɗai kafin taro. Mota ta sauke ni Sabuwa, daga nan babur, ramuka suna ta jijjiga ni har na ji haƙorana za su zube. Na isa bayan azahar na same shi a zaure yana gyara ƙotar gatari. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin gudu. Har tabarma ya shimfiɗa mini da kansa, ya ce Malama ta iso, yau ba shafe-shafe. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe littafin na ajiye a gabansa.

"Yaya, ɗorawar nan ba nan take ba. Ni na matsar da ita."

"Mi kike hwaɗi?"

"Ni na ɗauke ta daga yamma na kai ta gabas, lokacin da nake sa launi."

"Itace ake matsarwa? Akuya ce?"

Na yi masa bayanin tsagar dutse da nauyin gefe guda. Ina magana ina jin yadda maganar take fita kamar ta mahaukaciya. Ya dubi littafin, ya dube ni, ya ture shi da bayan hannu. Ya ce shi da aka haifa a gonar nan, ya yi noma a cikinta tun ina goye, ni zan zo daga Faskari da ɗan littafi in gaya masa inda ɗorawar ubansa take? Ya ce wancan mai launi shi ne gamammen aiki, wannan na fensir gwaji ne, kowa ya san gwaji ake kuskure a ciki. Wallahi ban taɓa jin ya yi magana a kan zane da hankali haka ba, kuma duk a karkace. Da ya ga ban janye ba sai ya sauke murya.

"Indo, ba a ce ki yi rantsuwa ba. Tambaya ɗaya za a yi maki, ke kinka zana? Ki ce e. Ƙarya ce? Ba ƙarya ba ce. Damina uku ina cin tuwon mijinki, ɗiyana sun koma kamar mabarata. Wurin nan kaɗai ke yin abinci in ruwa ya ɗauke. Kuma da rabonki ciki, da na ɗiyanki. Ki ce e, ki yi shiru."

Ba zan yi muku ƙaryar cewa maganar ba ta shige ni ba. Yayana ne, shi ya goya ni ya tsallaka rafi da ni zuwa makaranta. Na tashi na shiga wurin Hure.

Ran Alhamis da hantsi aka taru a gonar. Mai gari a kan kujera ƙarƙashin laima, don ba sauran inuwar itace, dattawan da suka rage a tsugune, ni kaɗai mace a gefe cikin hijabi, rana tana dukana. Aka jingina zanena a jikin falalen, mutane suna leƙe suna cewa kai, kamar a taɓa. Malam Tanimu yana can baya da hularsa a hannu. Mai gari ya dube ni.

"Malama, ke kinka yi wanga?"

"Ranka ya daɗe, ni na yi."

"A nan gonar kinka zauna kinka yi shi?"

"A nan na fara shi."

"To, alhamdu lillahi. Jama'a kun ji. Tunda mai abu ta tabbatar..."

Har ya ɗaga hannu zai yanke. Na dubi Malam Tanimu, bakinsa yana motsi, maganar ta maƙale masa kamar kullum, idonsa ya kawo ruwa. Shi ma damina uku ya yi a gidan wani, shi ma da 'ya'ya. Ba jaruntaka ce ta kama ni ba, haushi ne. Haushin Yaya, haushin Mai gari da zai raba gonar mutane da yadin da aka shafa wa fenti, haushin kaina fiye da kowa. Na ji bakina ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, ban gama ba. Ɗorawar da ke cikin zanen nan ba a wurinta take ba. Ni na matsar da ita."

Na miƙa littafin aka kai masa, ya karanta rubutuna da ƙarfi, a matsar da ita nan. Ya ɗago yana dubana kamar na ce na matsar da Ka'aba.

"To don mi, Malama?"

"Don ya fi kyau a haka."

Wani dattijo ya saki salati. Wani ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe abin da ake koya wa ɗiyanmu a makaranta ke nan, a tuge itace a dasa inda aka ga dama. Wani kuma ya ce tunda ta yi ƙarya a na farko, wa ya san na biyun ma ba ƙarya ba ne? Wannan ta ƙona mini rai fiye da sauran. Na ce a ba ni mutum ɗaya da doguwar gora. Na taka har bakin tsohuwar rijiya na zauna daidai inda na zauna shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, na ɗaga fensir na rufe ido ɗaya yadda muke auna abu. Na sa mai gorar ya yi ta matsawa, dama kaɗan, baya kaɗan, har gorar ta rufe tsagar dutsen nan ta kuma yi daidai da layin falale kamar yadda yake a littafi. Na ce a haƙa nan. Wurin bai fi taku biyar daga ɗayan ramukan da Malam Tanimu ya haƙa ya rasa ba. Ba a kai gwiwa ba fartanya ta daki baƙin kututture, ga saiwoyi sun bazu kamar yatsu. Mai gari ya ce a kafa dutse a nan, falale da damshinsa na gidan Baffa ne, kowa ya shafa fatiha.

Yaya bai shafa ba. Ya zo ya ɗauki zanen ya saƙale a hammata, ya tsaya dab da ni ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Damina uku kina ji ina nuna wa yara, kinka yi shiru. Sai yau, gaban mutane."

Gaskiya ya faɗa. Wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da shi.

Abin da ya biyo baya kun san wasu, ba ku san wasu ba. Dawar kaka ta daina zuwa, ban kuma nema ba. In na je gaisuwar Sallah zai amsa sallama don kada ya ɗauki zunubi, ya ce lafiya lau, ya tashi ya ce ana jiransa a masallaci, ko da ƙarfe goma na safe ne. Babanku ya je, limamin garin ya sa baki, ni kaina na durƙusa na ba shi haƙuri a kan shirun da na yi a Faskari. Ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke rufe ƙofa. Malam Tanimu kuma, Allah Ya shirye shi, da ya girbe shinkafar farko sai ya ɗauro buhu a babur har Faskari, tsakar rana, kowa yana gani, wai godiya. Na ce ya juya da abinsa tun kafin ya sauke, amma ina, labari ya riga ya isa Damari cewa an sayi Goggo da shinkafa. Daga nan maganar ba da gona ta samo asali. Ka faɗi gaskiya a ce an saye ka, ka yi kyauta a kai ta kotu. Tun daga shekarar nan duk zanen da na gama sai na juya bayansa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan zane ne, ba shaida ba. Ɗalibaina suna dariya, ba su san abin da ya ci ni ba. Amma ban daina koya musu matsar da itace ba, don haka aikin yake, kuma ba zan ce ba haka yake ba don in faranta wa kowa.

To, ke da kika nuna ni da haɓa, da ku sauran, ku ji da kyau. Ban ba da gonarku ba. Wurin nan bai taɓa zama na kakanku ba balle ya zama naku, kuma rabon da kuke cewa na tauye muku, da nawa a ciki. Laifina guda ne, na ji ubanku yana gina zuciyarsa a kan abin da na san babu, na ƙyale shi don ina jin daɗin kallon da yake yi. Da na yi magana a zaure tun ranar farko, da dariya za mu yi, ya ce da ma ya san shafe-shafe ba ta da tabbas. Wannan na ɗauka, kuma na biya shi da shekara bakwai na yayana.

A shekara ta bakwai ɗin ya kwanta ciwo. Ba wanda ya gaya mini sai da aka kai shi makwanci. Na je na zauna cikin mata kamar baƙuwa, ana yi mini gaisuwa daga nesa. Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, Hure ta kamo hannuna ta ja ni ɗakinsa, ɗakin da rabona da shi tun kafin taron gonar nan. Ga gadonsa, ga buta, ga carbi a kan matashi. A bangon da ke fuskantar gadon kuwa ga zanen, an goge shi tas, har an yi masa sabon katako a gefe. Na tsaya kamar an dasa ni.

"Na sha cewa in sauke shi," in ji Hure, "ya ce in bar mashi abinshi. Ya ce nan kaɗai gonar Baba ta rage mashi yadda ya san ta. Da ciwon ya yi tsanani ma shi yake kallo. Ran nan ya ce mani, Hure, gaskiyar Indo ce, nan ɗorawar ta hi kyau. Amma kada ki hwaɗa mata."

Kada a faɗa mini! Mutum yana da ƙafa, yana da waya a aljihu, Faskari ba Makka ba ce, amma ya zaɓi ya kwanta shekara bakwai yana kallon aikin hannuna yana hana ni fuskarsa. Na zauna a bakin gadon nan na yi masa faɗan da ban taɓa iya yi masa ba yana raye. Na kira shi mai taurin kai, na kira shi mugu, na tambaye shi wa ya bar wa ni yanzu. Hure tana riƙe da kafaɗata tana cewa ki yi haƙuri Indo, ki yi mashi addu'a. Na ce zan yi, amma sai na gama, kuma ban gama ba har muryata ta ƙare.